Ni Ne Na Hana A Yi Wa Farfesa Wanka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Farfesa Muntari. Shekara bakwai ke nan kuma da babban wanmu, Alhaji Sabo, ya miƙe a rumfar makoki a ƙofar gidansa da ke Nassarawa GRA, ya nuna ni da sandarsa ya ce wa jama'a, "Ku dube shi da kyau. Wannan shi ne ya hana a yi wa ɗan'uwansa wanka, ya bari aka ƙunshe shi a leda kamar shara." Da wannan zan fara, don ban iya kwana-kwana ba. An ce in rubuta alherin mamaci, kuma zan rubuta. Amma a wurina rasuwar da wannan magana tare suka zo, ban taɓa tuna ɗaya ɗayar ba ta biyo ba.

Sunana Haladu, ni ne autan gidanmu. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya, saboda haka mai neman Hausar 'yan boko ya yi haƙuri. Gyaran janareta nake yi a Kaura Goje. Ina da wani aikin kuma da ba a biya, wanda na gada wurin mahaifinmu: wankan gawa. A da, in aka yi rasuwa a layinmu, ƙofata ake fara bugawa kafin ta liman. Na wanke tsofaffi, na wanke jarirai, na wanke baƙin da ba a san danginsu ba. Ku riƙe wannan, sai ku san nauyin abin da Alhaji ya ɗora min.

Yaya Muntari shi ne mai kan karatu a cikinmu. Ilimin ƙwayoyin cuta ya karanta, waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ya je ƙasar waje ya ƙaro, aka so ya zauna, ya ƙi. Ya ce cututtukan da yake nazari a nan suke kashe mutane, me zai zauna yi a inda sai a littafi ake ganinsu? Ya dawo yana koyarwa a jami'a, yana da ɗakin gwaje-gwajensa cike da firiza. Ta nan na shiga rayuwarsa ta aiki, don firizan nan ba a so su mutu ko na yini ɗaya, ni kuma injin wuta nake gyarawa. Daga baya na zama direbansa in za shi ƙauyuka.

Abin da ya fi ba wa ƙarfi shi ne zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa. Mukan ɗora tarkuna a bayan mota, a ɗana su a rumbuna da ɗakunan girki, da safe ɗalibansa su sa safar hannu biyu-biyu su kwashe. Yara na bin mu suna ihu, "Ga masu ɓera nan!" Shi dariya yake yi. Alhaji Sabo ma ba ya bari a taron dangi. "An ƙarar da ƙuruciya a makaranta, an ƙare a farautar ɓera. Muntari, da magen gidana ka ɗauka aiki ai da an huta." Yaya Muntari sai ya ce, "Turo ta, Yaya, amma sai ta sa safar hannu."

Wata rana ya ɗiga ruwan wata rijiya a kan gilashi, ya sa a na'urarsa ya ce in leƙa. Na leƙa. Wallahi abubuwa na gani suna iyo, wasu na juyi kamar an kunna su. Na ɗago na ce, "Yaya, wannan muke sha?" Ya ce, "Yawancinsu ba ruwansu da kai. Wanda zai kashe ka ma wannan na'urar ba ta iya nuna shi." Tun ranar ban ƙara kallon kofin ruwa yadda nake kallonsa a da ba. Shi bai ɗauki abin da wasa ba, amma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba. A gidansa ba a barin abinci a buɗe, hatsi a durom mai murfi yake, kuma in ya ga an shanya gari a bakin titi sai ya sa na tsaya ya fita ya yi wa masu shi bayani, su kuma suna kallonsa kamar mai taɓin hankali.

Bayan wata tafiya da ya yi ba da ni ba, zazzaɓi ya kama shi. Ya sha maganin maleriya bai sauka ba. Maƙogwaro ya fara ciwo. Da hantsi matarsa ta kira ni tana kuka, wai ya kulle kansa a ɗaki ya hana kowa shiga. Na zagaya ta taga. Yana zaune a bakin gado, idanunsa jajur. Na kama ƙarfen tagar, ya ɗaga hannu.

"Matsa baya, Haladu. Ƙara matsawa."

"Haba Yaya, ni ne fa."

"Don kai ne. Na kira abokan aikina, suna zuwa su ɗauke ni. Ka saurara, don kai ne mai wanka a gidanmu. In abin da nake zato ne, kuma Allah Ya karɓi abinSa, kada ka taɓa ni. Kada ka bar kowa ya taɓa ni. Gawar mai wannan ciwo tana kama mai rai. Yaya Sabo zai yi faɗa. Ka tsaya."

Na ce masa ya daina irin wannan magana. Ya ce, "Ka yi min alkawari, maƙogwarona ba zai bar ni in maimaita ba." Na yi.

Abin da yake zato ne. Bai daɗe a asibiti ba ya cika. Alhaji ya iso da mota da mutanensa, an riga an ɗora ruwa a gida, an sayo likkafani da turare. Likitoci suka yi masa bayani, ya ce shi ba a yi masa bayani a kan gawar ƙaninsa, ya fara kiran manya a waya. Ni kuwa na je na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da gawar take, na ce wasiyya ce, da kunnena na ji, ba mai fita da shi. Tun da nake ban taɓa musa wa Alhaji ko da a kan shayi ba. Ma'aikata masu fararen kaya har fuska suka shirya shi, malami ya sa safar hannu ya yi masa taimama, aka sa shi a likkafani, aka sa a jaka. An yi masa salla, sahu ya cika. An kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Babu wanda ya kamu a gidansa, babu wanda ya kamu a namu. Ranar uku Alhaji ya nuna ni da sanda.

Magana daga bakin mai kuɗi ba ta tsayawa a GRA. Kafin sadakar bakwai ta riga ni isa Kaura Goje, kuma ta yi ƙiba a hanya. Wasu suka ce tsoron mutuwa ne ya sa na gudu daga gawar ɗan'uwana. Wasu suka ce Turawa aka ba wa sassan jikinsa, shi ya sa aka rufe da leda. Da maƙwabcina ya rasa mahaifinsa, ina zaune a ƙofar gida da hannun riga a naɗe, suka wuce ni suka je Gawuna suka ɗauko wani. Daga ranar ba a sake buga min ƙofa ba. Na tambayi malamai har uku, duk suka ce abin da aka yi ya halatta, inda ake tsoron cuta taimama ta wadatar. Amma babu wanda ya tashi a masallaci ya faɗa da ƙarfi. A kunne suke gaya min.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Ɗalibansa sun zama manya, wani ma na ji shi a rediyo yana cewa a rufe abinci, a kashe ɓera, da irin lafazin Yaya sak, sai da na kashe rediyon na fita waje. Wannan zai faranta masa. Amma zai ga gari a shanye a bakin titi inda ya bar shi. Zai ga an yi korona, an sa takunkumi, an cire, an manta. Zai ga har yanzu in zazzaɓi ya ƙi sauka, mai kemis ake kira ya ɗaura ruwa a ɗaka, don kada maƙwabta su ga motar asibiti a ƙofa. Mu mutane ne da muka fi tsoron a ce da mu fiye da a binne mu.

Ba don cika shekara kaɗai na ɗauki biro ba. 'Yata Hajara tana auren ɗan Alhaji Sabo, an yi auren tun Yaya Muntari na da rai, kuma a cikin gidan Alhajin suke zaune da 'ya'yanta uku. Ni ba na shiga gidan. Ita ke kawo min jikokina.

Makon da ya wuce ta kira ni da rana, muryarta ƙasa-ƙasa. Kukun gidan, wani bawan Allah mutumin Jigawa, ya yi zazzaɓi, an sa shi a mota an mai da shi garinsu, can ya rasu. A sitonsa na girki an sha ganin kashin ɓera a buhun shinkafa. Yanzu kuma Hajiya, matar Alhaji, tana kwance. An yi allurar maleriya, an yi ta taifot, jiki bai sauka ba.

Na ce, "Maƙogwaronta fa?"

Ta ce, "Baba, ya aka yi ka sani? Ko ruwa ba ta iya haɗiya."

"Wa ke jinyarta?"

"Ni ce mana. Ni ke goge mata jiki, ni ke kwashe aman."

"Da me a hannunki?"

"Baba, surukata ce fa. In sa safar hannu a ce ina ƙyamarta?"

Na zauna a kan injin da nake gyarawa. Ta ce mijinta ya yi maganar asibiti, Alhaji ya ce gidansa ba za a zagaye shi da igiya a yi ta nuna shi a unguwa ba, abin da aka yi wa Muntari ba za a yi wa matarsa ba.

Ni ba likita ba ne. Wataƙila taifot ce mai taurin kai, ina roƙon Allah Ya sa haka ne, in zama abin dariya. Amma na tuna Yaya yana cewa maganin wannan ciwo da wuri yake aiki, in an makara sai addu'a. Na nemi lambar ɗalibin nan nasa na rediyo, na gaya masa abin da na ji. Bai bar ni na gama ba ya ce in ba shi kwatancen gidan.

Yanzu da nake rubutun nan Hajiya tana asibiti, an ɗebi jininta, sakamako bai fito ba. An ce Hajara da yaran su zauna a gida mako uku ana auna zafin jikinsu. Kullum da safe nakan kira Hajara. Jiya ta ce kanta na ɗan ciwo, wai rashin barci ne. Na ce to. Me zan ce? In waya ta yi ƙara ina cikin aiki, sai sifana ta faɗi daga hannuna.

Mutane za su ce abin da Farfesa Muntari ya bari shi ne littattafai da ɗalibai da suna. Haka ne, amma littattafan ban iya karanta su ba. Ni abin da ya bar min tsoro ne. Ya nuna min akwai abin da ido ba ya gani, wanda bai san Alhaji ba, bai san GRA ba, bai san kunyar suruka ba. Shekara bakwai ina jin haushin wannan gado, don ya raba ni da mutuncina da aikin mahaifina. Sai a makon nan na gane ba don kansa ya sa ni alkawari ba. Shi ya riga ya san tafiya zai yi. Hannuna yake karewa, da hannun duk wanda zan taɓa bayansa. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sa wahalar da ka sha a kan mutanen da suka yi maka dariya ta zama haske a kabarinka.

Ranar da na kira ɗalibin, ban tsaya jiran motarsu ba. Na hau babur na riga su zuwa, don ba na so Alhaji ya ji daga bakin wani. Maigadi ya yi jinkirin buɗe min, ya san umarnin da aka ba shi a kaina, na ture ƙofar na shiga. Alhaji na zaune a baranda da carbi, sandar nan jingine da kujera. Ya tsufa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya mutu, da ka zo hana wanka?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu tukuna, Yaya, shi ya sa na zo. Na kira mutanen asibiti, suna hanya, masu fararen kayan nan da ka tsana. Ni na kira su, ba ɗanka ba, ba Hajara ba, kada ka nemi wani. In sun tafi ka sa a kafa rumfa, ka tara mutanen da ka tara wancan karon, ka ɗauki sandarka ka sake nuna ni. Zan zo in tsaya inda kowa zai gan ni. Ka zage ni shekara bakwai na ɗauka, zan ɗauki wasu bakwai. Amma na riga na tsaya daga nesa an binne min ɗan'uwa ban taɓa shi ba. Wallahi ba zan tsaya daga nesa a binne min 'ya don kada a ga mota a ƙofar gidanka ba."