Nafilar Malam a Harabar Asibiti

Ko zan shekara ɗari a duniya ba zan manta ranar da mahaifinmu ya tasa mu gaba zuwa sallar nafila a asibiti ba, alhali ko tabarmar azahar ba mu gama naɗewa ba.

Mahaifinmu malamin makarantar allo ne a Aujara, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. A gidanmu akwai wata al'ada: in babba na zaune, ƙarami ba ya amsa tambaya, ko da shi aka tambaya. Babban yayanmu direban tirela ne, da gemunsa da iyalinsa, amma in baƙo ya ce masa "Ya hanya?" a gaban Malam, Malam ne zai ce "Alhamdu lillahi."

Wata shekara bayan kaka Yaya ya dawo daga kai hatsi Kudu da ƙafa ɗaya a kumbure suntum. Innarmu ta ce sanyi ne. Ta dafa ruwa, ta ɗauko man kaɗe, ta hau gashi da tausa, ni kuwa ina gefe ina tsokanarsa wai ƙafar ce ta gaji da taka burki. Washegari dariya ta ƙare. Numfashi ya soma gagararsa, in ya ja iska sai ya dafe ƙirji. Muka kai shi asibitin Jahun, aka ce mu wuce Dutse.

Kun san mu da rakiyar mara lafiya. Malam, Inna, Kawu ƙanen Malam, matar Yaya da ni, duk muka dunguma muka kewaye gadon. Bayan gwaje-gwaje, likita, wata mata mai fara'a, ta ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafarsa saboda dogon zama a mota, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ta ce a daina tausar nan. Inna ta cusa hannuwanta cikin mayafi, har ta ba ni tausayi.

Sai likita ta dubi Yaya ta ce, "Kana shan taba?"

Malam ya ce, "Ba ya sha."

"Giya fa?"

Inna ta saki salati. Kawu ya gyara zaman hula ya ce, "Likita, kin san ɗan waye wannan kuwa? A kan buzun karatu aka yaye shi."

Likita ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Baba, kowa haka nake tambayarsa. Maganin tsinka jini zan ɗora shi a kai. In ana shan sa ana shan giya, jini kan iya ɓallewa a ciki, a rasa mutum. Gara in sani yanzu."

Na dubi Yaya, sai na ga ya zuba wa fanka ido kamar bai taɓa ganin irinta ba. Na san ko zai mutu ba zai buɗe baki a gaban Malam ba. Ashe Malam ma shi yake kallo.

Can sai Malam ya miƙe ya ɗauki butarsa ya ce, "Ku tashi mu je mu yi sallah."

Inna ta ce, "Malam, ai yanzu muka idar da azahar."

"Nafila za mu yi."

Kawu ya ce shi zai tsaya ya kula da yaron. Malam ya kama hannun rigarsa ya ce, "Kai ka fi kowa buƙatarta." A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Likita, ni na haife shi, amma ba ni ke bin sa Kudu ba. Ki sake tambayarsa."

Ranar mun sha nafila a ƙarƙashin darbejiya har gwiwoyina suka yi tsami. Duk sallamar da muka yi, sai Malam ya leƙa, in ya ga ƙofa a rufe ya sake tayar da kabbara.

Abin da aka faɗa a ɗakin nan babu wanda ya tambaya. Yaya ya warke sumul. Shi da bakinsa ya gaya mini daga baya cewa abokan hanya ne suka koya masa shan giya, wai tana kashe gajiya, kuma tun ranar bai sake kusantarta ba. Yanzu in yana tuƙi yakan tsaya ya taka ƙasa ya sha ruwa. A gidanmu kuwa har yau in ana son a ba mutum biyu wuri, sai a ce, "A je a yi nafila."

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambayi Malam ko bai ji kunya ba ranar. Ya ce, "Na ji mana. Amma mai rai ne ke tuba."

Tun daga nan na koyi cewa kunya ado ce a tsakar gida, amma in an zo gaban likita, a fita a bar mara lafiya ya amsa da bakinsa.