Kifin Gwaji na Kawu

Jiya na ɗebo ruwan kogi zan sauya wa tarwaɗar da nake kiwo a Rafin Guza, sai marigayi kawuna masunci ya faɗo mini a rai. Bai taɓa yarda da ruwan rani ba. Na tuna ranar da ya kamfato shi a tafin hannu, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, ruwan damina mai laka yakan danne dafin rinin masana'antu. Wannan garai-garai ɗin shi ne abin tsoro. Fara zuba shi a roba, ka saka ƙaramin kifi ɗaya, ka jira."

Haka na yi jiya. Kafin la'asar kifin ya juya ciki sama. Na zubar da ruwan, na sauke ajiyar zuciya ina jin sauran suna fantsama lafiya lau.

Kawu, Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara.