Ranar Da Na Wanke Wuƙar Kakana

A tafiyata ta uku zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ban da kilishi da garin yaji har da wuƙa a ƙasan akwatina. Innarmu ce ta cusa ta, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali.

Wuƙar mahaifinta ce, wato kakana, wanda ya je Yaƙin Bama ya dawo da ita, ya ce a hannun sojan Japan ya ƙwace. Amma shekara hamsin 'yan unguwa suna tsokanar cewa kuku ne kawai, wake ya je dafa wa Turawa, wuƙar kuwa a tasha ya saya. Maganar tana ci wa Inna rai ƙwarai, har ta daina gaisawa da wata maƙwabciya a kanta. Kuma a wurinta Bama da Japan da Sin duk unguwa ɗaya ce.

"Tunda garinsu za ka, ka nuna musu," in ji ta. "Su faɗa maka gaskiya, ta yaƙi ce ko ta yanka albasa."

A unguwar Sanyuwanli ɗaki ɗaya muka kama da wani mutumin Maraɗi mai sarin takalma, mutum ne da bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba. Yana ganin wuƙar ya riƙe baki.

"Alhaji, wanga abu za ka kai gaban mutane? Wallahi cewa za su yi Hausawa ba su san wanki ba."

Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar a kira ni ƙazami. Na duba, gaskiya ƙarfen ya yi baƙi, ƙotar ta yi danƙo. Bayan La'asar muka sayo lemun tsami da soson ƙarfe, muka saci yashi a tukunyar fulawar otal, muka tsuguna a banɗaki kamar masu wankin tukwanen biki. Muna gamawa ina iya ganin haƙorana a jikinta. Mutumin Maraɗi ya ƙara mata da turare, wai don mutunci.

Washegari na nuna wa mai shagon da nake sarin riguna a wurinsa a kasuwar Baima. Lawban muke ce masa, wato maigida. Turancinsa da nawa duk ɗingishi suke, amma muna fahimtar juna. Ya bar wa matarsa shago, ya sa mu a tasi, ni da mutumin Maraɗi, zuwa wani lungu da ake sayar da tsofaffin kaya, wurin wani dattijo mai singileti da tabarau ɗaure da zare.

Dattijon ya warware ɗankwali. Ya dubi wuƙa, ya cire tabarau, ya mayar, sannan ya kurma ihu.

"Tambaya yake wa ya yi wannan aiki," in ji Lawban.

Har na ɗaga hannu zan bugi ƙirji, sai na lura da fuskar tsohon. Na karkata yatsa na nuna mutumin Maraɗi. Shi kuma ya shiga kallon fanka.

Tsohon ya jawo wata durowa, cike da wuƙaƙe, kowacce ta yi tsatsa, kowacce ta fi ta kakana kama da wadda ta ga yaƙi. Lawban ya ce duk bara aka ƙera su. A jiƙa su a ruwan gishiri da shayi, a binne a danyar ƙasa wata da watanni, a tono a sayar wa masu tara kayan tarihi. Mutane suna shan wahala su sa wa sabuwar wuƙa dauɗa, ni an ba ni ta shekara hamsin kyauta na wanke ta da yamma ɗaya. Ɗan rubutun da ke wuyan wuƙar ma, tsohon ya shafa wurin ya ce, "Meyo." Wannan ba sai an fassara mini ba, duk ɗan kasuwa ya san babu ke nan. Yashinmu ya cinye rubutun.

Tsohon ya sansana ta, turaren ya sa shi atishawa. Sai ya ɗauko 'yar guduma ya fara ƙwanƙwasa wani ɗan tsinken gora da ke jikin ƙotar. Saura kaɗan in shaƙe shi, don ban taɓa sanin ana buɗe ta ba. Ƙotar ta zame, gindin ƙarfen ya fito baƙi ƙirin, sumul, da wani hatimi a jiki. Ya buɗe ɗaya daga cikin na durowar, tsatsarta ja ce, tana zuba a yatsa. Ya ce baƙar tsatsa shekaru ne kawai ke yin ta, kuma masu jabu ba sa wahala a kan inda ido ba ya gani.

"Ta sojan Japan ce," in ji Lawban. "Ta lokacin yaƙin."

Na tambayi ko ƙwacewa aka yi ko saye. Tsohon ya ce wannan kuma ba a rubuce yake ba. Nan take na yanke shawarar barin wannan ɓangaren a Gwanzu.

Na dawo Kano da murnata. Na sami Inna a kan tabarma, na zayyana mata komai, har da ƙari. Ta yi hamdala, ta ce maza a kira mata maƙwabciyar nan. Sannan ta warware ɗankwali.

Ta daɗe tana juya wuƙar. Ta kai babban yatsanta wani wuri kusa da ƙota, ta shafa, ta sake shafawa.

"Nan da akwai wani tabo," ta ce, "inda yatsansa yake zama. In na yi kewarsa, nan nake ɗora nawa. Sinawan ne suka goge?"

Ƙarya tana bakina, ga Sinawa can nesa ba za su ji ba. Na kasa.

"Ni ne, Inna."

Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta naɗe wuƙar a hankali, ta tura ta ƙarƙashin matashi.

"To, sannu da hanya," ta ce. "A bar kiran maƙwabciyar."