Bijimin da Baba Ya Kasa Sallamawa

Babana dillalin shanu ne a karar Potiskum, wato kasuwar dabbobi, kuma ba don yana ubana ba, bakinsa ya iya ciniki. Saniya mai ɗingishi in ya riƙe igiyarta ya fara yabonta, sai ka rantse rangwaɗa take yi. Kowace Laraba, ranar kasuwa, da sassafe yake barin gidanmu a Ngojin, ba ya dawowa sai ƙafafunsa sun yi butu-butu, muryarsa ta dishe. Innarmu kuma tana da rumfar abinci a bakin karar, tana sayar wa direbobin tirela da Fulani da mahauta shinkafa da wake. Ni ce babba a gidan, saboda haka duk Larabar da babu makaranta ni ce mai zuba miya da wanke kwanuka.

Shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare Baba ya shigo mana da wani ɗan maraƙi ja. Wai maraƙi! Ƙashi ne da fata, duk jikinsa kaska, idonsa na zubar da ruwa. Mai shi ya yini da shi a kara ba wanda ya ko taya, Baba ya karɓe shi a kuɗin akuya. Inna ta leƙo daga madafa ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan kuma gawar wa ka kwaso mana?"

"Ki iya bakinki," in ji Baba. "Kuɗin jami'ar uwata ne kike gani a tsaye."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na dubi jami'ar tawa tana rawar ƙafa a tsakar gida, na ce a raina lallai karatuna ba zai yi nisa ba.

Amma Baba ya ɗauki maraƙin nan kamar ɗan da ya haifa. Shi yake cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya, shi yake dama masa dusa da kanwa, shi yake ɗauko harawa a bayan babur tun daga wajen Damagum, wai ta can ta fi ganye. Ranar Juma'a kafin ya yi nasa wankan sai ya wanke maraƙi. Ƙannena suka raɗa masa ɗan makaranta, sunan ya bi shi har maƙwabta. Cikin shekara uku ya zama bijimi na gaske, tozo ya tashi, wuya ya yi kauri, fata tana sheƙi. In Baba ya yi gyaran murya a ƙofar gida, shi yake fara amsawa kafin mu.

Ni dai ba ma shiri da shi. Ya taɓa cinye mini rabin littafin kimiyya da na shanya a kan katanga, saura kwana kaɗan jarrabawa. Na yi kuka, na yi masifa, na ce sai an yanka shi. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in yi haƙuri, shi ma karatun yake so. Kwana biyu ban gaishe da Baba da fara'a ba.

Na gama sakandare, na zauna jarrabawar shiga jami'a, sakamako ya yi kyau. Sunayen farko suka fito babu nawa. Ƙawayena biyu suka tafi, ni ina rumfar Inna ina kankare tukunya, raina a jagule. Sai wata Litinin na biya shagon kwamfuta da ke kusa da tasha, kamar yadda nake yi kusan kullum har mai shagon ya gaji da ganina, sai ga sunana a jeri na biyu. An ba ni gurbi a jami'a a Maiduguri. Na yi ihu har mutane suka leƙo. Mai shagon ya bari na gama tsalle, sannan ya nuna mini layin ƙasa da yatsa: duk wanda bai biya kuɗin rajista zuwa Juma'a ba, gurbinsa na wani ne. Tsakanin Litinin da Juma'a kuwa Laraba ɗaya ce tak.

Akwai wata al'ada a tsakanin dillalan kara. Dillali ba ya sayar da dabbarsa da kansa. In tasa ce, sai ya miƙa igiya ga wani dillalin, ya koma gefe kamar kowane mai kaya, ya biya la'ada kamar kowa. Ba doka ba ce, ba wanda zai kama ka, amma kowa ya san dalili: wanda ya yi kiwo da hannunsa ba ya iya jin farashi da kunnen ɗan kasuwa.

Ranar Talata da la'asar aminin Baba ya zo gida. Wani dattijon Bafulatani ne siriri, dillali shi ma, rumfarsu ɗaya tun kafin a haife ni, Baffa muke ce masa. Ya yi mini barka, ya zagaya bijimin sau biyu, ya ce, "To, gobe sai ka ba ni igiya."

Baba ya ɗaga kai. "Ni? Shekara nawa ina sayar da na mutane, nawa ne zai gagare ni? Ba wanda ya san darajar bijimin nan kamar ni."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Baffa. Ya sa takalmansa ya ce Allah ya kai mu.

Da safe Baba ya wanke bijimin, ya shafe masa ƙaho da man gyaɗa, ya ja shi da ƙafa har kara, ya ƙi a ɗora shi a mota. Daga rumfar Inna ana hango inda suka tsaya. Ban san sau nawa na zuba wa mutum miya a kan hannu ba a ranar, don idona yana can.

Ba a jima ba mai saye na farko ya zo. Wani ɗan kasuwa ne Kirista daga kudu, mai ƙiba, mai yawan dariya, wanda ya daɗe yana lodin shanu daga Potiskum har Hausa ta zauna a bakinsa. Tsohon abokin cinikin Baba ne. Na ɗauki kwanon abinci na yi kamar kai wa wani zan yi, na matsa kusa. Ya dubi bijimin, ya yi fito, ya taya. Wallahi kuɗin da ya ambata ya isa rajista da ɗakin kwana da guzuri, har a yi wa Inna canji.

"Albarka," in ji Baba.

Wannan ba komai, haka ciniki yake. Mai kaya ya ce albarka, mai saye ya ƙara, har a kai inda za a ce an sallama. Mutumin ya ƙara. Albarka. Ya sake ƙarawa. Sai na ji Baba ya sassauta murya ya ce, "Ni fa tsakani da Allah zan gaya maka, bijimin nan yana da tunkuyi. Zai iya yi maka ɓarna a mota."

Tunkuyi! Bijimin da kaji suke kwana a bayansa! Ƙanwata mai shekara huɗu tana jan kunnensa yana lumshe ido. Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗauka sabon salon ciniki ne, ya ce zai zagaya ya dawo. Baba ya bi shi da Allah ya kiyaye, har da sakin ajiyar zuciya.

Na biyu mahauci ne. Ya zo ya danna tozo, ya matsa cinya, ya sa hannu yana auna ƙirji yadda mahauta suke yi. Baba ya doke masa hannu.

"Kai, sannu! Da ransa fa."

"Haba Malam, ba saya na zo yi ba?"

"Albarka."

"Ai ban taya ba tukuna!"

"Ko ka taya, albarka."

Na uku Baba ya gaya masa bijimin yana tari da damina. Na huɗu ya ce masa ba ya cin kowace irin ciyawa, zai wahalar da shi. Mutumin da ya shekara talatin yana rufe aibin shanun mutane, ga shi yau yana ƙirƙiro wa nasa aibin da babu. Dillalai suka fara taruwa nesa kaɗan suna kallo, suna ƙunshe dariya a hannun riga. Baffa yana zaune a kan benci da sandarsa a kafaɗa, ko kallon wajen bai yi ba.

Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Manyan masu saye suka gama, tireloli suka fara jeruwa wajen lodi, Fulani suka fara kora abin da bai sayu ba. Inna, wadda Bakarkariya ce kuma in ranta ya ɓaci Hausarta ba ta ware mace da namiji, ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "Yarinya zai rasa makaranta saboda sa! Je ki gaya masa, ni in na je ba za a ji daɗi ba."

Na tafi, idona a rufe. Ban damu da mazan da ke wurin ba.

"Baba, kasuwa tana watsewa."

"Na gani, uwata. Ba su kai kuɗinsa ba ne. Laraba mai zuwa..."

"Babu Laraba mai zuwa! Juma'a za a rufe, ka sani!" Ban tsaya nan ba. "Ka ce nawa ne. Shekara uku kana cewa nawa ne. In kai kake so, ka faɗa mini, in koma in ci gaba da wanke kwanukan Inna. Amma kada ka ce ba su kai kuɗinsa ba, ina tsaye a nan na ji da kunnena."

Ban taɓa yi wa Baba magana haka ba, kuma a gaban abokan sana'arsa. Na jira tsawa, ko mari ma. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dube ni, ya dubi igiyar da ya naɗe a hannu har ta yi masa shaida, sai na ga tsufansa a karo na farko. Kunya ta kama ni, tausayinsa ya kama ni, amma ban janye maganata ba, don gaskiya ce.

Baffa ya taso a hankali, ya zo ya kama igiyar. Baba bai saki ba.

"Sake mana," in ji Baffa.

Baba ya warware ta daga hannunsa zagaye ɗaya bayan ɗaya.

Baffa ya ce, "Tafi wajen matarka ka ci abinci. Tun safe ba ka sa komai a ciki ba."

Baba ya bi ni zuwa rumfa kamar yaro. Ya zauna a benci ya ba karar baya. Inna ta zuba masa abinci ta ɗora nama biyu, ta ajiye masa ruwa. Ya sa hannu a kwanon ya bar shi a nan.

Ko rabin awa Baffa bai yi ba. Ɗan kasuwar nan na kudu yana da sauran wuri a motarsa, shi ya saya. Kuɗin bai kai na safe ba, don kasuwar yamma ba ta safe ba ce, amma ya isa rajista da ɗaki, guzuri ne dai sai an yi dabara. Baffa ya miƙa wa Baba, Baba ya nuna masa Inna da haɓa. Can sai Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, je ki gano mini lodinsa."

Na tafi. Akwai wani tudun ƙasa da tirela take jingina bayanta a kai, ta nan ake tura shanu. Ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba sai ranar. Bijiminmu ya zo bakin motar ya toge. Bijimin da bai taɓa sanin sanda ba, samari huɗu suka rufar masa, wannan ya murɗe wutsiya, wannan yana ja da igiya, sauran suna duka. Ya durƙusa a gwiwoyinsa, suka ja shi a haka har ciki, gwiwar ta goge ta yi jini. Suka ɗaure ƙahonsa a jikin ƙarfe, tsakanin wasu shanun da bai sani ba. Yana ta juya ido yana kuka, irin kukan da yake yi in ya ji babur ɗin Baba. Ni da na ce sai an yanka shi saboda littafi, sai ga ni tsaye a gefen tirela ina sharɓar hawaye da gefen hijabi, har wani ɗan lodi ya tambaye ni ko an yi mini sata ne.

Na tsaya a bayan wata rumfa na wanke fuskata da ruwan leda kafin na koma. Baba yana nan yadda na bar shi, abincin ya huce.

"Ya hau?"

"Ya hau, Baba."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Da ƙafarsa ya shiga, ko taɓa shi ba a yi ba."

Ya ɗago ya dubi idona da suka yi ja. Mutumin da ya yi lodin shanu tun ban zo duniya ba, ya fi kowa sanin babu bijimin da yake shiga tirela da ƙafarsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai.

"To madalla," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Gobe ki shirya da wuri, mu riga mutane zuwa banki."

Ya jawo kwanon ya fara cin abincinsa da sanyinsa.