Ƙasar Sawuna Tana Gwiwa

Kazaure

Ina idar da sallar asuba na rataya jakata na nufi tasha. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, gwamnati tana neman wasannin da za a kai Ikko, ni kuma ina koyar da rawa a wata kwalejin horon malamai a Kano. Rawata ba irin wadda aka saba gani ba ce. Nakan ɗauko takun mai huɗa ko sunkuyon mai shuka in shirya wa ɗalibai, wani lokaci ko kiɗa babu. An ce da ni akwai wani tsoho a Gwiwa, Baba Jatau, shi kaɗai ya rage da ya iya tsohon takun rawar manoma. Idan ya mutu da shi, shi ke nan.

Direban akori-kurar ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa. Daga nan sai satar kallona yake yi har muka isa.

Roni

Da hantsi muka sauka. Na tarar ana gayya a bayan gari, ana kiɗa, samari suna cashewa. Da aka watse sai na yi abin da na saba yi a Kano: na tsuguna ina duba sawun masu rawar, ina aunawa da tafin hannu, don sawu ne ke nuna inda nauyin jiki ya sauka. Ɗagowar da zan yi, mutane sun yi mini zobe. Wata tsohuwa ta zo da tsintsiya ta share filin tas, tana tofe-tofe. Nan na gane kuskurena, domin a wurinmu mai taɓa ƙasar sawun wani, sammu yake nufi.

Mai gari ya sauke ni a zaurensa, aka kawo fura. Shi bai sha ba, ni ma da na ga haka ban sha ba.

Gwiwa

Washegari na bi motar 'yan kasuwa, amma labarina ya riga ni isa. Duk wanda na tambaya gidan Baba Jatau sai ya nuna mini wata hanya daban, masu tafiya a gabana kuma suna jan ƙafa don ɓata sawu. Haushi ya kama ni, ga yunwa. Sai da la'asar na sami gidan.

Tsohon ya saurare ni har na gama, idonsa a kan hannuwana. Ya ce shi ba ya ganin cikin mutum, kuma ƙafar nan da ita yake ci.

"Baba, wallahi rawa kaɗai na zo koya," in ji ni.

"Na ji, ɗana. Cire takalminka ka taka nan."

Ya nuna mini wuri mai danshi a gindin randa. Na taka. Ya ɗebe ƙasar, ya ƙulle a tsumma, ya jefa aljihu.

"In ƙafata ta kwana lafiya, taka ma ta kwana lafiya," in ji shi.

Sannan ya ɗauki fartanya ya miƙe. Tsohon da ke tafiya da ƙyar ya dinga kafa diddige yana juyawa, bayansa a sunkuye, ƙafar hagu tana rufe abin da ta dama ta buɗe kamar mai binne iri. Tsigar jikina ta tashi. Na yi 'yan kwanaki ina binsa a baya har takun ya zauna mini. Ranar da zan tafi na roƙi ƙullin nan, ya yi dariya ya ce in gaida gida.

Gida

Na iso Kazaure da azahar, na gode wa Allah da ya dawo da ni da ƙafafuna biyu, na gode wa tsohon da ya ba ni abin da na je nema. Ɗalibaina sun taka rawar a Ikko, an tafa musu sosai.

Ni dai na yi boko, ba na tsoron sammu. Amma duk wanda ya zo daga Gwiwa, kafin in tambaye shi iyali, sai na tambaye shi ƙafar Baba Jatau.