Tatsuniyar da Ta Kori Malam Isiyaku

Wautata ba ta yarinta ba ce, da ita na tsufa. Tatsuniya ɗaya tak na riƙe a duniya, na mai da ita sanda, duk wanda ya zo mini da zancen makaranta sai in ɗaga in maka masa. Na doki malamai da ita, na doki abokan dakona a kasuwar Dawanau masu hana cikinsu don su sa 'ya'ya a boko. Aji biyu na yi a firamare, na biyun ma rabinsa a kan tsamiya na yi shi, amma in ana gardamar yadda ake koyarwa ba mai ɗaga murya kamata.

Daga bakin kakata Iya Dije na samo tatsuniyar, a ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir, cikin shekarun fari. Wanda bai ga shekarun nan ba, kada Allah ya nuna masa. Rumbuna sun bushe har ɓera ya yi mana ƙaura. Tuwon dusa muke ci da tafasa, ranar da aka samu ke nan. Abin da ya rage a gidanmu mai suna dukiya shi ne ɗan irin gyaɗa da Iya ta ɓoye ƙarƙashin gadonta, ta kwana a kansa rani guda kamar kaza. Da bazara ta kawo kai, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai ɓarar iri ta zama dole. Yatsunta kuwa sun riga sun sandare, sai da hannun yara. To a ba yaro mai yunwa gyaɗa a ce ya ɓare kada ya ci, kowa ya san inda zancen zai ƙare.

Ita ta san yadda ta yi. Ana idar da magariba sai ta sa a hura wutar kara a tsakar gida, ana wannan zafin da ko riga ba ka so a jikinka. Ba don ɗumi ba, don ta ga muƙamuƙanmu. Mu zagaye wutar, kowa da ƙoƙonsa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, “Kowa ya nuna mini harshensa,” in ta duba ta gamsu sai ta soma. Kuma duk tatsuniyarta da waƙa a ciki, waƙar kuma da amshi, amshin ba ya nisa da juna. Bakin da yake amshi ba ya tauna. Da murya ɗaya ta ɓace sai ta tsaya cak, sau da yawa kuma tawa ce.

“Tanko, mijin banza, ban ji ka ba. Tofo abin da ka ɓoye a kunci.”

Kada wani ya zaci irin kakannin nan ce masu jawo jika a jiki. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ba mu ba. In an tashi, har ɓawon take sa a sheƙe mata a gabanta. Zagi kuwa kyauta ne. Duk da haka ba a aike a kira mu. Da mu da yaran maƙwabta, rige-rige muke yi. Takan bar labari daidai inda kura ta wage baki, ta ce a kashe wuta. Kashegari ba za ta ci gaba ba sai wani ya maido mata na jiya daga farko, in ya yi tsallake saura su gyara masa. Takan cusa sunanka cikin labarin, ka ji kanka a ƙasan rijiya. Takan juyo ta ce, kai da kai ne yaya za ka yi? Ka faɗa, ta yi tsaki, amma gobe sai ka ji dabararka a bakin zomo.

A lokacin malaminmu wani saurayi ne daga wajen Tofa, Malam Isiyaku, siriri, mai riga ɗaya da yake wankewa ran Alhamis. Ajinsa kullum raguwa yake, don da safe dawa muke shiga neman aduwa da gafiya. Sufeto ya riga ya gaya masa, in ya dawo bayan saukar ruwa ya tarar da ajin haka, za a ɗauke shi a rufe makarantar. Wata makarantar kuwa ta yi wa ƙafar yaro nisa. Sai aka tura shi kwas a Kano. Ya dawo ya ajiye bulala, ya zaunar da mu a zagaye, ya koya mana tafi iri-iri, ya tara tsakuwa wai da ita za mu yi lissafi. Tsakuwar ta yi mana amfani ƙwarai, a danƙon harbin tsuntsu.

Ashe a can an ce musu kowa ya koma ya bincika abin da ke zaunar da yaro. Da ya duba ƙauyen kaf sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai: yaran da ke guje masa da safe su ne ke gudu da yamma wajen tsohuwar da ba ta da abin ba su sai aiki da baƙar magana. Ya nemi izinin babana, aka bar shi yana zama a bayan danga yana saurare. Iya ta sani. Ba ta ƙaunar boko ko kaɗan, cewa take makaranta karɓar hannuwa take daga gona ta maido bakuna.

Wata yamma ya yi sallama ya durƙusa nesa da wutar, ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo.

“Iya, so nake ki koya mini yadda kike riƙe su.”

“Can Kano ba su koya maka ba, ɗan nan?”

“Sun koya mini da yawa. Naki na ga yana ci.”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce a ba shi tabarma, tatsuniyar yau dominsa za ta yi ta.

Wai wani mutum ne ya gaji zabi, suka watse masa cikin dawa. Ya ji labarin wani gwanin kiran zabi a gari mai nisa, ya ɗaura ɗamara ya tafi. Ya ga gwanin yana kira, zabi na zuwa a guje. Ya kafa wa bakin gwanin ido, ya haddace kiran tsaf, bai taɓa duba hannunsa ba, inda gero yake. Ya dawo gida ya hau juji ya rera: “Mai zane-zane, taho gida.” Zabi daga kan itace suka amsa: “Buɗe hannu mu gani.” Ya buɗe, wayam. Ya ce lallai kiran ne ya tsufa. Ya koma aka koya masa na hanci. Ya sake komawa aka koya masa na tsayuwa da ƙafa ɗaya, da na tafi, har aka naɗa masa rawanin gwanaye. Kowane zuwa amsar ita ce dai. Ran ƙarshe ya yi ta kira har rana ta faɗi, kura ta ji ta zaci da ita ake. Ita kam ba ta nemi a buɗe hannu ba.

Amshin nan mun yi shi muna fuskantar Malam, muryata a sama da ta kowa. Ni ne ma na rarrafa na kama hannunsa na buɗe a hasken wuta, babu komai sai farin alli a tsagar tafinsa. Yara suka faɗi suna birgima. Ya yi ɗan murmushi, ya yi wa Iya godiya, ya tashi. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce a miƙo ƙoƙuna.

Da safe da ya kaɗa ƙarfen shiga aji, ina kan tsamiya. Na jefa masa amshin daga can sama, saura suka karɓa. Daga ranar ya zama abin tarbarsa a rijiya, a bakin masallaci, ko'ina. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa: bai saurari bayan dangar nan a banza ba. Ya fara kawo labari cikin darasi yana yanke shi a tsakiya. Akwai ranar da na sauko na laɓe a gindin taga don in ji ƙarshen labarin wani ɗan tireda da aka cuta a awo, wanda ashe lissafi ne ya sa wa riga. Wani ya hango ni ya ce Tanko ya zama zabuwa. Ban sake saukowa ba. Sufeto ya dawo ya tarar da yaran da ba su cika benci ba, aka ɗauke Malam, ajin ya koma makwancin awaki. Gyaɗar Iya an shuka ta, ta ɗan yi. Mu ne muka nome ta, safe da yamma, tunda ba inda za mu.

Shekara da shekaru abin da na ɗauka ke nan: yaro mai yunwa ba ya karatu, duk wani kwas sabon kiran zabi ne. Har gobe ban sauka daga kan rabin wannan magana ba. 'Yata Hadiza malama ce yanzu a wata firamare kusa da Dawanau. Kowane hutu sai an kira su bita, ta dawo da kwalaye masu launi da sabon sunan tafi. Wasu ma daga jami'a suke zuwa su zauna a bayan ajinta suna kallon yara kamar masu duban dabba a kasuwar kara, wai bincike. Ajin nata kuwa, ranar da manyan motoci suka sauke hatsi, rabinsa yana kasuwa wajen tsintar abin da ya zube, hedimasta kuma ita yake ɗora wa laifi.

Kwanan baya ta dawo daga wata bitar tana ba uwarta labari da murna, wai ta gwada yanke labari a tsakiya, wasu yara sun dawo jin ƙarshe. Na gyara zama na zaro sandata. Na ba ta tatsuniyar daga juji har kura, da waƙar da komai, na haɗa mata da labarin wutar kara da ƙoƙuna da Malam Isiyaku, ina dariya har da tari. Ba ta katse ni ba. Bakin Iya Dije ta gada, irin wanda yake jira ka gama. Abin da ta ce ban amsa ba a ranar, na ce lokacin salla ya yi alhali da saura. Tun daga nan nake juya shi a kan tabarma, ina ganin tsohuwar nan tana kallon saurayin da ya durƙusa, ina tambayar kaina me ta hango a idonsa da ya sa ta ƙirƙiro masa kura.

Cewa Hadiza ta yi, “Baba, to ita Iyar, da kuke gudu wajenta da yunwarku, me ke hannunta?”