Akushin Inno Taiba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Afrilu, 1983, ana tsakar cin kasuwar Mafara, Allah Ya karɓi ran Inno Taiba mai tuwo, bayan gajeruwar jinya.

Inno, a rumfarki leburorin madatsar Bakolori suke cin abinci, don haka kin riga kowa ganin yadda ƙwaya take cin yaranmu. Sun fara haɗiyarta don su jure wa aikin kankare. Aikin ya ƙare, ita ba ta ƙare ba. Ƙanena Ɗantani yana cikinsu. Ruwa ya cinye gidanmu a ƙasar Maradun, iyayenmu sun rasu, mijina kuma ya rantse mashayi ba zai kwana masa a gida ba. Ko da Ɗantani ya ce ya tuba, wurin kwanansa ɗaya ne, tasha, gefen masu sayar da abin da yake gudu.

Ke kika ɗauki mayafi kika bi gida-gida. Ba kya nema wa yaro ɗaki kusa da tasha, ba kya haɗa biyu wuri guda. Gidan tsofaffi kike nema, inda ake buƙatar mai jan ruwa da faskare. Wasu sun rufe miki ƙofa, wasu sun ce kin tsufa da kwashe-kwashe. Ranar da kika kai Ɗantani gidan Malam Sallau na Birnin Tudu, ina tsaye kika ce masa, "Wanga yaro nawa na. In ya yi ɓarna, ni za ka kama."

Ba a nan kika tsaya ba. Kowane yaro da akushinsa. Ke za ki aika da tuwo, shi zai wanke ya maido da hannunsa, ki dubi idonsa. Ranar da akushi bai dawo ba, sai ki rufe rumfa ki bi sawu, kina tafe kina faɗa. Faɗanki akwai zafi, Inno, ni ma na sha shi. Ɗantani ya yi ƙiba, ya koma sallar jam'i, har ya samu gona a bakin kwatar ban-ruwa.

Yau ina cikin tsoro. A wurin zaman makoki Malam Sallau ya ce da ni, "A'isha, don fuskarta ni aje shi. Yanzu wa zan kama?" Malam, na roƙe ka don Allah, kada ka mayar da shi tasha.

Allah Ya jiƙan ki, Inno, Ya yafe kurakuranki, Ya ba ki ɗaki a Aljanna kamar yadda kika nema wa 'ya'yan wasu. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗiyarki Hasana da dukan dangi, Allah Ya ba mu haƙuri.

Jiya Ɗantani ya wanke akushin ya zo Mafara. Yana nan zaune a ƙofar rumfar, da shi a cinyarsa.